Amsoshin Tambayoyinku: Hawan Jini da Ciwon Zuciya

Mai gabatarwa: To madalla, masu sauraro, mun dawo. Wasiƙu da saƙonnin tes sun taru a gabana, lokaci kuma ba ya jira, don haka wanda ya ji an taƙaita amsarsa ya yi mana haƙuri. Likita, ranki ya daɗe, ta farko daga Mai'adua take. Wani bawan Allah yana tambaya ko zoɓo yana maganin hawan jini.

Likita: Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke shi kaɗan, amma ba ya zama a madadin ƙwaya.

Mai gabatarwa: Ka ji, malam, kuma ba wanda aka cika wa sukari ake nufi ba. Sai wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa, ta ce ita siririya ce, ta yaya aka ce tana da hawan jini?

Likita: Ba ƙiba kaɗai ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, akwai ciwon ƙoda. Ta riƙe maganinta.

Mai gabatarwa: Yanzu ga wadda nake so mu zauna a kanta, domin ta zo daga Daura, ta zo daga Mashi, ta zo daga Funtuwa, kusan magana ɗaya. Bari in karanta ta Daura. Wani dattijo ne, jikansa ya rubuta masa. Ya ce an auna shi an sami 170 bisa 100, aka ɗora shi a kan magani. Ya sha na wata biyu, ciwon kai ya tafi, da aka sake awo aka ga 130 bisa 80. Shi ne ya ajiye maganin. Yana tambaya, tunda ya warke, akwai laifi?

Likita: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba warkewa ka yi ba, maganin ne yake aiki. Bari in ɗan koma baya. Lambobin nan biyu da ake faɗa, ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse ta tura shi, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana hutawa. Idan aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko fiye, shi ne hawan jini. Masu noman rani a Ajiwa da Jibiya sun san abin da ke faruwa idan injin ban-ruwa yana turawa da ƙarfi cikin matsattsen tiyo: ko injin ya gaji, ko tiyon ya fashe a inda ya fi rauni. Zuciya tana yin kauri, daga baya ta gaji ta kasa. Ƙoda tana lalacewa a hankali. Ido ma yana taɓuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya. Kuma abincinmu ma sai an duba. Gishirin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da magi, da kanwa, da yajin tsire...

Mai gabatarwa: Likita, gafara dai, kada mu bar Baba a tsaye. Ya koma ko kada ya koma?

Likita: Ya koma. Gobe da safe ya je a sake auna shi, ya ci gaba da sha.

Mai gabatarwa: Baba, ka ji da kunnenka. Jikan da ya rubuto, kai ma ka ji, amanar tana wuyanka. Ni abin da ke ba ni tausayi, mutum zai ce ai ba ya jin komai. To, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Sai rana ɗaya magidanci yana alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa, ya buɗe baki zai kira uwargida, magana ta ƙi fita. Daga nan a ce iska ce ta shafe shi.

Likita: Wannan ita ce shanyewar ɓarin jiki, kuma alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. Da an ga haka a nemi mota. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki, domin haɗiya tana iya gagararsa abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin a gida, tunda ba a sani ba ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, sai hoton ƙwaƙwalwa ke bambancewa. A yi addu'a a hanya, ana tafiya.

Mai gabatarwa: A yi addu'a, ana tafiya. Amma Likita, bari in faɗi ta bakin maza, don na san ba za su rubuto ba. Wasu tsoron maganin suke, wai yana rage ƙarfin iyali. Wasu kuma kuɗin ne babu.

Likita: Duka biyun a gaya wa likita, ba abin kunya ba ne. Magungunan iri-iri ne, ana canzawa, kuma akwai masu sauƙin kuɗi. Shi kansa hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kawo wannan raunin. Cikin magungunan hawan jini, amlodipine yakan kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril yakan sa busasshen tari, kuma mai ciki ba ta shan sa. Sannan masu shan diclofenac da ibuprofen kullum daga kemis saboda ciwon jiki, su sani magungunan nan suna ƙara hawan jini.

Mai gabatarwa: In sake maimaitawa don wanda ya kunna rediyo yanzu: jin sauƙi ba dalilin ajiye maganin hawan jini ba ne. In ya dame ka, a canza maka, kada ka yanke da kanka. Mu ci gaba. Wani daga Batagarawa ya ce maiɗakinsa ta haihu wata ɗaya ke nan, ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko daga ɗaki zuwa madafa, ba ta iya barci sai an jera mata matasai ta jingina. Surukarsa ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwan wanka da kunun kanwa.

Likita: A kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Akwai raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna abin ya wuce nan, har da talauci da ƙarancin wani sinadari a jiki. Amma dai kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa, zuciyar da ta gaji ba ta ɗauka. Da magani mata da yawa suna farfaɗowa, sai dai kada a sake ɗaukar ciki sai likita ya duba zuciyar.

Mai gabatarwa: Inna, mun san kishin 'yarki kike yi, Allah ya saka da alheri. Amma a wannan karon a bar kanwar, ki raka ta da kanki. Saura minti biyu. Daga Kaita: yaro ɗan shekara takwas yana yawan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi wurin wanzami a cire belu?

Likita: A'a. Wani ciwon maƙogwaron in ba a yi maganinsa da fenisilin ba yana komawa ya lalata ƙofofin zuciya. A kai shi asibiti.

Mai gabatarwa: Daga Rafindadi: mai hawan jini zai iya azumi?

Likita: Da yawa suna iyawa, ana mayar da maganin sahur ko buɗa-baki. Ya ga likitansa tun a Sha'aban.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, wani direba a tashar Daura, ƙirjinsa yana danne shi in ya yi tafiya da sauri, har zuwa hannun hagu, yana ta shan maganin olsa.

Likita: Wannan ba na kemis ba ne. A yi masa gwajin zuciya cikin gaggawa, in kuma ya zo da gumi bai lafa ba, a wuce da shi asibiti nan take.

Mai gabatarwa: Direba, a ajiye mota yau a je. Ana ɗaga mini hannu ta gilashi, lokaci ya cika. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Likita, mun gode.