Jawabin Maraba ga Mai Girma Farfesa, Shugaban Tawagar Masana Ruwa da Ƙasa, a Ziyararsa ga Al'ummar Hausawan Legas

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Masu martaba sarakunan Hausawa na unguwannin Legas da 'yan majalisarsu, limamai da malamanmu, shugabannin kasuwanni, iyayenmu mata, matasa, da babban baƙonmu mai girma Farfesa tare da 'yan tawagarsa, ina yi muku barka da zuwa wannan taro na Agege.

Ranka ya daɗe, dattawa sun ɗora mini nauyin yi maka maraba a madadin Hausawan Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Mun san binciken da ya kawo ka Legas zai iya kammaluwa tsakanin jami'a da ofisoshin gwamnati ba tare da ka taka zango ba, amma ka zaɓi ka zo da ƙafarka, kuma Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike. Allah ya saka da alheri.

Mu mutanen Arewa mun taso muna ɗaukar matsalar ruwa a matsayin matsalar rashi. Da muka zo Ikko sai muka tarar da wata jarrabawa dabam. Ruwan sama da ke sauka a nan a shekara ya kai ninki biyu na wanda ke sauka a Kano, ga teku a kudu, ga tabki a tsakiyar gari, ga kogin Ogun yana gangarowa daga arewa, amma duk da haka magidanci yana sayen ruwan sha da jarka. Matatar ruwa ta Iju, wadda ke nan maƙwabtaka da mu, tun 1915 aka buɗe ta, daga baya aka ƙara ta Adiyan, sai dai garin ya yi girman da famfo bai iya bin sa ba. Wannan giɓi, ranka ya daɗe, 'ya'yanmu ne suke cike shi. Duk unguwar da ka shiga za ka ga ɗan ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki, har ta kai maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai sukan kira mai wannan sana'a "mai ruwa", da Hausa. Masu haƙa rijiya da masu yasarta, da leburorin da ke tona harsashin gini, da yawansu namu ne.

A kan wannan ne muke so mu ɗan tsaya, domin shi ne babban abin da dattawa suka aiko ni in faɗa. Masana sun bayyana cewa Legas tana zaune ne a kan kwarin da suke kira Kwarin Dahomey, inda yashi da yumɓu suka yi hawa-hawa tsawon zamani, saɓanin ƙasar Kano ko Zariya inda mai haƙa kan ci karo da dutse. Abin da masana suka rubuta a takarda, mahaƙanmu sun san shi da tafin hannu. Tsohon mahaƙi zai gaya maka gaba nawa ake yi a Agege kafin a wuce jar ƙasa a kai ga farin yashi, zai gaya maka unguwar da ruwanta kan fito garau amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja kamar tsatsa, wanda ku kuke danganta shi da sinadarin ƙarfe, kuma zai gaya maka cewa idan aka doshi Lekki ko Apapa ruwan rijiya zartsi ne. Mun fahimci cewa wannan zartsi ruwan teku ne yake kutsowa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma yawan zuƙo ruwa da rijiyoyin burtsatse yana ƙara jawo shi ciki. To, a garin da kusan kowane mai gida yake haƙa tasa burtsatsen, wa ke lissafin abin da ake zuƙowa? Muna roƙon tawagarka ta zauna da mahaƙan nan ta saurare su. Ba su da takardar shaida, amma rijiyoyin da suka shiga sun fi waɗanda kowane bincike zai iya haƙawa yawa.

Akwai kuma abin da ido da harshe ba sa ganewa. Rijiya marar zurfi da ke kusa da masai ko kwata tana iya ba da ruwa fari tas alhali cuta na cikinsa, kuma cutar amai da gudawa da ta ɓulla a Legas a watan Yunin 2024 ta tuna mana da haka. Mutanen Baruwa da ke yankin Ipaja sun shafe shekaru rijiyoyinsu na warin man fetur. Ɗan ga-ruwa ba shi da na'urar gwaji, kuma idan cuta ta ɓarke shi ake fara nuna wa yatsa. Idan za a riƙa gwada wuraren da suke ɗibar ruwa lokaci-lokaci, a sanya wa masu kyau alama, mun yi alkawarin shugabanninsu za su tsaya a kan a bi wannan alama.

Batun ambaliya kuwa ba sai mun yi dogon bayani ba, domin gani ya kori ji, kuma gobe za mu raka ka. Wanda ya ga ruwan ranar 10 ga Yulin 2011 ba zai manta da shi ba. Amma wadda ta fi damun 'yan kasuwarmu ita ce wadda kan zo wajen Satumba da Oktoba, wani lokaci rana na haskawa, idan dam ɗin Oyan ya cika aka saki ruwa ya bi kogin Ogun. Sai a wayi gari Isheri, Agiliti, Owode da gefen Mile 12 sun cika, haka ma kasuwar shanu ta Kara. Mun san hukumar nazarin ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fitar da na damina, kuma ana yin sanarwa kafin a saki ruwa. Matsalar ita ce sanarwar takan tsaya a jarida da Turanci, shi kuwa mai tumatir ko mai shanu sai ya ga ruwa a ƙafarsa. A ba mu saƙon da Hausa, a gajarce, kwanaki kafin lokaci. Masallatanmu na Juma'a da sarakunan kasuwa za su isar da shi cikin yini guda. Ɓallewar dam ɗin Alau a Maiduguri a Satumban 2024 ta shafi dangin mutane da dama da ke zaune a zauren nan, don haka ba wanda zai yi wasa da irin wannan gargaɗi.

Muna kuma son jin ta bakinka a kan gabar teku. Tun da aka gina shingayen duwatsu a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 suka tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma, teku ya yi ta cin gabar Bar Beach, har aka zo aka cike wurin aka gina sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangarta ta tare teku. Matasanmu da ke aikin yashi da gini a Lekki da Ajah suna tambaya ko ƙasar da aka cike za ta ɗauki benayen da ake ɗora mata. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka girgizar ƙasa abin wasu ƙasashe ne, amma an ji motsinta a Ijebu-Ode a 1984, aka kuma ji a Mpape ta Abuja a 2018, kuma akwai cibiyar da ke sa ido a kai a Toro ta Jihar Bauchi. Za mu so ka bayyana wa jama'a, da harshen da za su gane, abin da wannan yake nufi ga gari mai taushin ƙasa irin namu.

Roƙonmu na ƙarshe ƙarami ne: idan an kammala rahoto, a dawo zauren nan a karanta mana taƙaitawarsa. A namu ɓangaren, mun ware mahaƙa da shugabannin 'yan ga-ruwa da za su zagaya da tawagarka, kuma ƙofar kowane sarki a buɗe take gare ku.

Allah ya ba ka ikon kammala aikin da ya kawo ka, ya mayar da kai gida lafiya. Yanzu ina gayyatar babban limami ya yi mana addu'a, daga nan sai mu miƙa wa mai girma Farfesa lasifika.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.