Yadda ake auna jinkirin intanet a wayar salula

Sabis ya cika a waya, amma ana kiran WhatsApp sai ka gama magana kafin abokinka ya fara jin ta. Wannan shi ne jinkiri, wato lokacin da guntun saƙo ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke amsa saƙon, ya dawo. Da milisakan ake ƙirga shi, daƙiƙa ɗaya a raba ta gida 1,000.

Yawancinmu sau ɗaya muke danna gwaji, mu ga lamba, mu riƙe ta. Lamba ɗaya kuwa ba ta isa hujja ba.

Idan waya ta ɗan jima ba ta aika komai ba, takan saki layinta da turken sabis don kada batir ya ƙare. Saƙon farko sai ya jira an sake ƙulla layin, shi ya sa ya fi sauran daɗewa. Aika ping, wato ɗan saƙon gwaji da ke zuwa saba ya dawo, kamar 100 a jere, ka ware na farkon gefe.

Sannan ka duba inda sabar take. A cikin wayar faiba, wadda ke ɗaukar saƙo ta hanyar haske, hasken na cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Mutumin Kano da ya gwada da sabar Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, ya riga ya kashe milisakan 10 zuwa da dawowa tun kafin a zo kan turke. In sabar tana Turai kuwa, sai saƙon ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne. Milisakan 1 da ake yi wa 5G kirari da shi, tsakanin waya da turke kawai ake nufi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gwaji lokacin da layi ke ɗauke da kaya. Fara sauke babban bidiyo, sannan ka sake aunawa. Saƙonni kan yi jerin gwano kamar motoci a gidan mai, lambar ta ninka sau da yawa. Nan ne kira ke yankewa.

Kada matsakaicin lissafi ya rufe maka ido. Jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya, ka kuma dubi biyar mafi muni. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya ce muddin jinkirin murya bai wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya ba, hira na tafiya lami lafiya. Kashe Wi-Fi kafin ka fara, ka gwada da asuba, ka maimaita bayan isha'i sa'ad da kowa ya hau layi.