Jawabi Kan Aikin Mai Shari'a Aloma Mukhtar

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa mazauna Ingila, an nemi in yi magana kan ɗaya daga cikin manyan alƙalan ƙasarmu, ni kuwa na zaɓi Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda a nan Ingila ta zama lauya a 1966, sannan ta koma gida ta kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa a 1967.

Kowa ya san ita ce mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, a watan Yulin 2012, amma kaɗan ne ke tuna tsawon hanyar da ta bi. Ta yi majistare, ta riƙe muƙamin babbar magatakardar kotu a Kano, ta hau kujerar Babbar Kotun Kano a 1977, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, kuma sai da ta shafe kusan shekara 18 a can kafin a kai ta Kotun Ƙoli a 2005.

Inda nake so mu tsaya shi ne watan Disambar 2008, lokacin da alƙalai 7 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci kan ƙarar da Janar Muhammadu Buhari ya shigar game da zaɓen 2007. Huɗu sun tabbatar da nasarar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, su uku kuwa, ita da George Oguntade da Walter Onnoghen, suka ce a soke zaɓen, domin takardun ƙuri'a ba su ɗauke da lambobin jere da dokar zaɓe ta wajabta ba. Mu lura, jama'a, mai ƙara da wanda ake ƙara duk 'yan Katsina ne, saboda haka babu mai iya cewa ɓangaranci ne ya ja ta. Abin da ke gabanta shugaba ne mai ci, da kuma kujerar Alƙalin Alƙalai da ba ta kai gare ta ba tukuna, wadda shugaban ƙasa ne ke naɗa mai hawanta. Duk da haka ta rubuta abin da ta gani a doka, kuma a ganina wannan ya fi muƙamin nauyi.

Da ta hau kujerar, ta jagoranci Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda a zamaninta ta ba da shawarar yi wa wasu alƙalai ritayar dole saboda saɓa ƙa'idar aiki. Ta sauka a ranar 20 ga Nuwamban 2014, da ta cika shekara 70, kamar yadda tsarin mulki ya tanada.

Na gode da kuka saurare ni. Wassalamu alaikum.