Darasi: Yadda ake saita tsayin silaid a kan sikana don hoto ya fito tar

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Daga shagonmu na Aboabo, nan Kumasi, nake muku wannan darasi. Makon jiya wani Alhaji, sa'an mahaifina, ya kawo mini gwangwanin biskit cike da silaid, wato ƙananan hotunan fim da ke cikin firam na kwali ko roba, hotunan aikin hajjinsa ne da na bikin ƙannensa. Ɗansa ya riga ya gwada su a sikana a gida, duk sun fito dishi-dishi, har Alhaji ya fara cewa ai fim ɗin ne ya mutu. Na ɗaga guda a hasken taga, na duba da tabarau mai ƙara girma, sai ga zanen hularsa ana iya ƙirga shi. Na ce, Baba, ka kwantar da hankalinka, hotonka na nan lafiya.

To ku ma nan za ku fara. Ku duba silaid ɗin da idonku tukuna. In hannun mai ɗaukar hoton ya motsa tun ranar da aka ɗauka, babu na'urar da za ta gyara wannan.

Matso da kyamarar nan, ƙanena, su ga gilashin. Yawwa. Irin wannan sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, yawancinsu idonsu a kafe yake. Ba ya matsowa, ba ya ja da baya kamar na waya. Akwai wani tsayi guda inda yake gani garau, ko a kan gilashin ko ɗan sama da shi kaɗan, kuma da milimita ake auna shi. Tun da idon ba zai zo wajen fim ba, mu ne za mu kai fim wajen idon. Takardar shaida ko rasit ba sa nuna wannan matsala, don rubutu ne manya-manya. Amma hoton silaid milimita 24 ne a 36, ka kuma hura shi ya cika allon kwamfuta, kuskuren rabin milimita ma sai ya fito fili.

In sikanarku irin siririyar nan ce da ba ta da fitila a cikin murfi, kada ku wahalar da kanku, ba aikinta ba ne. Silaid sai haske ya ratsa shi daga sama. Masu fitilar kuma, a cire farin allon da ke rufe da ita a murfin, a kuma bar ɗan filin da ke can saman gilashi a buɗe, da shi na'urar take auna haske.

Yanzu gwajin. Na zaɓi silaid ɗaya mai kaifi. Na sa 2400 dpi, wato yawan ɗigon da sikana ke ɗauka a kowane inci, na kashe inda aka rubuta Unsharp Mask, mai ƙara wa hoto kaifi, na kashe mai share ƙura, don waɗannan suna rufe wa mutum ido. Ɗan gefe kawai nake ɗauka, wajen hular nan, don kada mu ɓata lokaci. Na farko, yadda yake, ba a sa masa komai ba. Wannan Epson V600 ce, kuma a cikinta firam ɗin silaid a kan gilashi yake zama kai tsaye, robar nan ta marikin fim jera su kawai take yi. Sai na yanka takarda sirara-sirara, na sa a ƙarƙashin gefunan firam, ban da wajen hoton. Farar takardar da muke buga aiki da ita, mai giram 80, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, wato goma sun yi milimita ɗaya. Ina ƙarawa uku-uku: uku, shida, tara, goma sha biyu. Kowane ɗauka in sa masa suna da adadin takardunsa, in ba haka ba wallahi sai sun rikice muku.

Ku dubi allo. Kada ku kalli fuskar Alhaji, ku kalli sararin sama da ke bayansa. Kun ga wannan ɗigo-ɗigon kamar tsakin gero? Ƙwayar fim ke nan. Inda tsakin ya fito ɗaya-ɗaya, nan idon sikana yake. A na farko ya narke kamar koko. A na shida ya tashi. A na goma sha biyu ya sake narkewa, mun wuce wurin. Ke nan tawa tana son wajen takarda shida. Taku za ta iya bambanta ko da samfurinmu ɗaya, shi ya sa ba na yarda da mai cewa kowa ya sa adadi kaza. In kun samu naku, ku nemi kwali mai wannan kauri ku yanka, ku rubuta adadin a jikin murfi.

Masu Epson V700 da V750, an sauƙaƙa muku, marikin fim ɗinku yana da 'yan ƙafafu a ƙasa da ake juyawa ko a cire, tsayin ya zama milimita 2.5 ko 3 ko 3.5. V850 ma tana da nata makunnin tsayi. Gwaji ɗaya ne, ƙafa kawai za ku riƙa canzawa maimakon takarda.

Akwai inda ƙara tsayi ke ƙara ɓata hoto tun daga takardar farko. Wannan yana nufin fim ɗin ya riga ya yi sama da yawa, galibi saboda firam mai kauri, irin mai gilashi ciki da ke kai milimita 3. Sai a mayar da fim ɗin cikin siririn firam. Amma kada a kwantar da shi tsirara a kan gilashi, zai fito da wasu zobba-zobba masu launin bakan gizo.

Sai matsalar da ta fi damunmu a nan. Danshin damina na Kumasi yana lanƙwasa fim, tsakiya ta yi tozo, sai ka ga tsakiyar tar, gefe dishi-dishi. A ƙa'idar Epson, fuskar da ke sheƙi ita ke kallon ƙasa. In tozon ya hana, ku kifa shi ta ɗaya fuskar ku gwada, daga baya ku juya hoton a kwamfuta don kada rubutu ya fito a baibai. In dole sai an zaɓa, ni fuskokin mutane nake bi, don su iyali ke nema.

Danshin nan kuma yana kawo fumfuna, ga ta nan kamar saƙar gizo-gizo. Don Allah kada ku sa mata ruwa ko yawu, inda ta ci launin zai bi ruwan ya tafi, kuma ba shi da na biyu. Ƙurar hunturu kuwa, robar hura iska ta isa. Silaid ɗin Alhaji da yawa Kodachrome ne, an rubuta a kwalin firam ɗinsu. An daina yin wannan fim tun 2009, kuma mai share ƙura na Digital ICE ba ya jituwa da shi, yana cinye gefunan abubuwa har ka zaci saiti ne ya kauce. A kansu ku bar shi a kashe.

Kada 6400 dpi ɗin da ke jikin kwalin sikana ya ja ku, fayil ne zai yi nauyi kawai. A 2400, silaid ɗaya yana ba da kusan megafiksel 8, ya isa a wanke babban hoto a rataya a falo.

Miƙo mini na gaba, ƙanena, wancan na filin Arfa. Riƙe shi ta gefe.