Fodkas: Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi a kan keke, ta bakin gulbi

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro. Tun da Yaya ya saka hoton nan na kekensa a cikin kwale-kwale, saƙo bai daina shigowa ba. Kowa tambayarsa ɗaya: da gaske daga Argungu har Birnin Kebbi ka tuƙa?

Yaya: Da gaske, Hajiya. Ni da abokina mu biyu. Ta kwalta kusan kilomita 50 ne, ka bi ta Ambursa ka shige gari. Mu kuwa muka ce ba ma son kwalta, gefen fadama za mu bi, duk inda gulbi ya karkata mu karkata.

Auta: Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ai kowa ya kakkaɓo kekensa.

Yaya: Mu 'yan birni ne muka kakkaɓo, Auta. Mutanen can ba su taɓa ajiyewa ba. Hanyar da muka bi ma ba wanda ya zana ta, tayoyin manoma ne suka fitar da ita, siririya kamar zare tsakanin gonakin shinkafa. Muna idar da sallar asuba muka tashi daga wajen Matan Fada, sanyin hunturu yana yanka hannu, hazo kwance a kan ruwa. Kafin rana ta fito mun wuce kekuna sun fi ashirin. Wani ya ɗaure jarkar mai da bututun ban ruwa a kariya, wani buhun taki, wani tsoho kuma homa da gora, zai je su.

Hajiya: Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi ke nan?

Yaya: Nan ne. Tun 1934 ake bikin, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma ka je ranar da ba biki, ka ga wurin shiru, sai tsuntsaye, sai mai wanki ɗaya ko biyu. Ni wannan ya fi shiga raina.

Auta: Yaya, wane keke ka hau? Na ga kamar ba irin mai giya ba ne.

Yaya: Phoenix ɗin Baba ne, Allah ya jiƙansa.

Hajiya: Amin. Kai, Phoenix! Baƙin nan mai ƙararrawa?

Yaya: Mai ƙararrawa, mai fitilar da ke gugar taya.

Hajiya: Namu Raleigh ne a gida. Ranar Juma'a sai an wanke shi an goge da tsumma kafin Malam ya hau zuwa masallaci. Kuma ba mai taɓa shi.

Auta: Mu ta ƙarƙashin sandar muka koya. Ka zura ƙafa ta tsakiya, keken ya karkace gefe guda, kai ka karkace ɗaya gefen.

Hajiya: Keken haya fa? A ba ka minti goma, ka zagaya unguwa, mai keke yana tsaye yana duba agogo.

Auta: Idan ka makara ya riƙe maka takalmi!

Hajiya: Takalmi ko hula. Yayana sau biyu yana komawa gida ba hula.

Yaya: To ai Raleigh da Phoenix ba a haɗa su. Raleigh na Ingila ne, ƙarfensa ya fi nauyi.

Hajiya: Ya fi kyau dai, ka faɗi gaskiya.

Yaya: Ya fi kyau, na yarda. Amma Phoenix ko a wane ƙauye ka tsaya akwai kayan gyaransa, kuma wannan shi ne ya cece mu. Ku saurara. Wajen ƙarfe goma mun bar laka mun hau tudu, wurin duk tsidau. Tayar baya ta sace. Muka tura har wani ƙauye, muka tarar da mai faci a gindin dalbejiya, dattijo, da kwanon ruwa a gabansa. Ya zaro tub, ya hura, ya riƙa nutsa shi cikin ruwan kaɗan-kaɗan yana kallon inda kumfa zai taso. Huda uku ya samu. Sai ya sa yatsa ya shafa cikin tayar a hankali, ya ciro ƙaya biyu da suka rage. Ya ce da mun mayar haka, ba za mu kai garin gaba ba.

Auta: Nawa ya karɓa?

Yaya: Da ƙyar ya karɓi kuɗin gam. Ya ce baƙi ne mu. Kuma shi ya hana mu bin hanyar da muka yi niyya. Ya ce ruwa bai gama janyewa a can ba, laka za ta riƙe keke har gindin sarƙa, mu gangara mashigi mu haye da jirgi. Hoton da kuka gani ke nan. Wayata tana nuna min hanya a miƙe, shi kuwa jiya-jiya ya dawo daga wurin.

Hajiya: Ashe lokaci ma abin dubawa ne.

Yaya: Shi ne kan gaba. Gulbin nan Rima ne da gulbin Sakkwato suka haɗu tun daga sama, kuma akwai madatsar Goronyo da ta Bakolori a kansu. Da damina, ballantana in an saki ruwa, fadamar gaba ɗaya takan zama tafki. Kun tuna ambaliyar 2020, yadda ta cinye shinkafar Kebbi. A lokacin, hanyar da muka bi tana ƙarƙashin ruwa. Sai daga Disamba zuwa Fabrairu ƙasa ta yi tauri, zafi kuma bai sauko ba. In Maris ya shiga, ranar can ba ta wasa.

Auta: Abinci fa? Don ni nan hankalina yake.

Yaya: Fura da nono wajen matan Fulani a bakin hanya, sai soyayyen kifi da yaji a mashigi, yanzu aka fito da shi daga ruwa. Ruwan sha dai ka ɗauko naka, kar ka dogara da na gulbi. Muka yi azahar a wani masallacin ƙasa, liman ya sa aka shimfiɗa mana tabarma muka ɗan miƙe. Da la'asar sakaliya muka hango Birnin Kebbi a kan tudunta, ƙafafuna suna rawa, amma wallahi ban so tafiyar ta ƙare ba.

Hajiya: To mun yi alkawarin lissafa wa masu sauraro kayan da za su tanada, ga shi mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mana hannu.

Yaya: Famfo, gam, tub na ajiya. Kar dare ya same ku a hanya, kuma ku tambayi mutanen gari halin tsaro kafin ku wuce kowane ƙauye. Sauran sai mako mai zuwa.

Auta: Ni dai in za a koma, a samo min Raleigh.

Hajiya: Namu yana nan a zaure, taya kawai yake so. Sai mun sake haɗuwa.