Jawabin maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a ziyararsa ta Tsangayar Injiniyanci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

Mai girma Kwamishinan Lafiya da 'yan tawagarsa, Shugaban Jami'a, iyayenmu wakilan masarauta, likitocin ƙashi da na zuciya da suka baro aiki suka zo, malamai, ɗalibai da 'yan jarida, a madadin wannan tsangaya ina yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, wani zai ce me ya haɗa Kwamishinan Lafiya da injiniyoyi. Amsar tana kan teburin da ke gabanka. Falle ne na roba da ɗalibanmu suka yayyanka shi gida-gida, kowane murabba'i yana maƙale da ɗan'uwansa ta kusurwa kaɗai. Ina roƙon ka kama gefe da gefe ka ja. Robar ɗaure kaya a bayan babur in an ja ta sirancewa take yi, haka ma kusan duk abin da muka sani. Wannan kuwa yana tsawo yana faɗi lokaci guda, domin murabba'an juyawa suke yi, ramukan da ke tsakaninsu su buɗe. Irin waɗannan kayan su ake kira okzetik.

Masana na auna yadda abu ke sirancewa in an ja shi da ma'aunin da aka sa wa sunan Poisson, wani masanin lissafi na Faransa. Na roba ya kusa 0.5, na ƙarfe wajen 0.3, na kayan okzetik kuwa ƙasa da sifili yake. A 1987 Roderic Lakes na Jami'ar Iowa a Amurka ya matse soso irin na katifa, ya gasa shi har bangon ramukansa ya lotsa ciki, sai ga soso mai kumbura in an ja shi. Zanen murabba'an da ke hannunka kuma Joseph Grima da Ken Evans ne suka bayyana shi a 2000. Abin lura a nan shi ne robar ba ta musamman ba ce, sirrin yana cikin yadda aka tsara yankan. Wannan shi ya ba mu ƙwarin gwiwa, don zane da lissafi ba sai an shigo da su ta tashar jirgin ruwa ba.

Inda abin ya fi shafar jama'armu shi ne ƙugu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, kuma likitocin da ke nan sun fi ni sanin abin da cutar ke yi wa kan ƙashin cinya: jini ya daina isa wurin, ƙashin ya mutu, ya rufta, sai ka ga saurayi ko budurwa da ba su kai talatin ba suna dogara sanda. Magani na ƙarshe shi ne a sauya gaɓar da ta ƙarfe, aikin da John Charnley ya kafa tsarinsa a Ingila a farkon shekarun 1960, wanda kuma ake yi a asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. To amma ƙarfen yana da wa'adi. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 ne ke kaiwa shekara 25. Ga dattijo ɗan saba'in wannan ya wadatar. Ga 'yar shekara 22 kuwa, yana nufin a sake buɗe ta sau ɗaya ko biyu, kowane karo ƙashin da ya rage ya fi na baya ƙaranci, kuɗin kuma ya fi yawa.

Ɗaya daga cikin dalilan lalacewar shi ne sassautawa. Duk takun da mutum ya yi, sandar ƙarfen da aka soka cikin ƙashin cinya tana ɗan lanƙwasa. Gefen ciki yana matsuwa, ya kumbura ya tokari ƙashi. Gefen waje kuwa jansa ake yi, sai ya sirance ya janye jikinsa, a sami ɗan gibi da ido ba ya gani, ɓarɓashi ya shiga, riƙon ya fara saki. A 2018 masu bincike a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Amir Zadpoor, suka buga sandar ƙarfen titaniyom da injin 3D mai gina abu hawa-hawa, gefen ciki da saƙa ta al'ada, gefen waje da saƙar okzetik. Da aka lanƙwasa ta, ɓangarorin biyu duka suka tokari abin da ke kewaye da su. Ga wata riba kuma: titaniyom ya fi ƙashi tauri ninki biyar ko fiye, yana ɗauke masa nauyi, shi kuma ƙashi in bai yi aiki ba zaizayewa yake yi. Sanda mai ramuka ta fi laushi, tana barin ƙashi ya ɗauki rabonsa, har ya tsiro cikin ramukan.

Akwai wasu sassan jikin ma. A Sheffield ta Ingila an gwada bututun okzetik na buɗe hanyar abinci ga masu sankarar maƙoshi, a Imperial College ta Landan kuma a 2018 aka haɗa sinadarin citosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, da wata roba mai ɗaukar lantarki, aka yi faci na zuciyar da ta samu rauni, aka gwada shi a jikin ɓeraye.

Sai dai, ranka ya daɗe, kada 'yan jarida su fita su ce an gano magani. Galibin wannan aiki yana ɗakin gwaji ne, bai kai ga marar lafiya ba. Kusurwoyin nan da ke ba kayan halinsu su ne kuma inda tsagewa ke farawa. Ƙa'idar ISO, hukumar duniya mai tsara ma'aunin ingancin kaya, tana buƙatar sandar ƙugu ta jure matsi sau miliyan 5 a kan inji, ga gwajin tabbatar da jiki ba zai ƙi ta ba, ga rajistar NAFDAC. A ganina duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan bai cancanci a ba shi cinyar ɗan wani ba.

Saboda haka kokenmu guda biyu ne, na biyun ma ba ya cin kuɗi. Na farko, muna da kwamfutocin zane da injin buga roba, amma muna roƙon a samar mana injin gwajin juriya, wanda zai yi ta matsa samfur dare da rana, tare da wutar sola da za ta riƙe shi, don gwajin da aka ɗauke wa wuta a tsakiya sai an koma farko. Na biyu, muna roƙon ma'aikatarka ta sahale wa asibitocin jiha su riƙa ba mu ƙarafan da aka ciro daga jikin majinyata, da izininsu kuma ba tare da sunayensu ba, mu ga ta ina suke gazawa a jikin mutanenmu masu durƙuso da zaman tabarma.

Bayan wannan zama ɗalibai na jiranka a ɗakin gwaji da ke ƙasa, su za su yi maka bayani da bakinsu. Mun gode da wannan ziyara, Allah ya yi riƙo da hannunka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.