Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista Daga Al'ummar Gudu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Mai Girma Minista, wakilin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, shugaban ƙaramar hukuma, iyayen ƙasa, limamai da malamai, iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, lale marhabin. Sannu da hanya, sannu da ƙura. Ayyukanka sun riga ka isowa, kuma babban mutum irinka da ya baro Abuja a makon bikin 'yancin kai ya tako har bakin iyaka ya gama nuna mana irin zuciyarsa. Allah ya ƙara girma, ya ja zamani.

Da muka zauna tsara wannan jawabi, dattawa suka ce kada mu kai buƙatarmu ƙarshen takarda, lokacin da rana ta take, kowa ya ƙagara ya tashi. To ga ta tun yanzu. Muna roƙon Gwamnatin Tarayya ta kafa mana sansanin jami'an tsaro na dindindin a wannan yanki, wanda zai kwana da mu, ya tashi da mu, damina da rani.

Ranka ya daɗe, ƙasar da ka taka yau ba baƙuwa ba ce a tarihi. Wajajen 1788, a taron Babbar Salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya raba wa malamai kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi. Abu biyar ya roƙa a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke tsare, a sassauta wa talakawa haraji. Uku na farko addini ne, biyu na ƙarshe wuyan talaka ne da aljihunsa, kuma Shehu bai raba su ba, a zama ɗaya ya nema. Da zamani ya juya, aka hana wa'azi, aka hana maza rawani, aka hana mata lulluɓi, sai Shehu da jama'arsa suka baro Degel a watan Fabrairun 1804. Ina suka dosa? Nan Gudu. A nan jama'a suka yi masa mubaya'a. A Tabkin Kwatto, nan kusa da mu, aka gwabza da mayaƙan Gobir a watan Yunin 1804, Malam Abdullahi ƙanin Shehu na jagorantar rundunar jama'ar Shehu. Sai a 1809 aka gina birnin Sakkwato. Ba alfahari ba, kafin a aza tubalin farko a can, mu ne muka ba masu hijira masauki da ruwan sha.

Abin da ke sa mu zubar da hawaye shi ne, ƙasar da mutane suka gudo mata don su tsira da addininsu, yau 'ya'yanta ne ke ɗaure kaya suna barinta.

Ka ji labarin waɗanda ake kira Lakurawa, ka karanta rahotanni. Bari mu faɗa maka yadda abin yake a ƙasa. Makiyayi na zaune a rugarsa da hantsi, sai ga babura. A ce ya jera shanunsa. Wani yaro da bindiga a kafaɗa ya bi su yana ƙirgawa, ya nuna bijimin da ya fi kowanne ƙiba, ya ce wannan zakka ce. Mai shanun na tsaye yana kallo, bakinsa na rawa, ba halin ya ce uffan. Ranka ya daɗe, mu jikokin almajiran Shehu ne, tun muna zaune gaban malam muka san sai shanu sun kai 30 ake fitar da ɗan maraƙi guda, kuma Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka. Mun duba, mun sake dubawa, ba mu ga mai bindiga a cikinsu ba. Wannan ƙwace ne aka naɗa wa rawani, kuma ya fi mana ciwo da yake da sunan addininmu ake yi. Ga manomi kuma, gero ya nuna, yana hango gonarsa daga bakin gari, tsuntsaye na ci, shi kuwa yana lissafin ko ya je ya dawo da rai.

Ranar 1 ga Oktoban 1960 iyayenmu sun yi murna kamar kowa. Marigayi Sardauna ya ba Jihar Arewa taken Aiki da Ibada, taken Nijeriya kuma ya haɗa haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya buɗe da cewa mu ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah. Sashe na 38 ya ba kowa, Musulmi da Kirista, damar bin addininsa ba tsangwama. Sashe na 41 ya ce ɗan ƙasa ya je inda ya ga dama. Sashe na 14 kuwa ya faɗa ƙarara cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne farkon abin da aka kafa gwamnati dominsa. Mun yarda da wannan alkawari, shi ya sa duk lokacin zaɓe za ka ga tsofaffinmu a layi cikin rana. Amma in ka tambayi tsohuwa a kasuwar Balle mene ne 'yanci, ba za ta kawo maka sashe ba. Za ta ce ɗanta ya tafi gona ya dawo, mijinta ya fita sallar asuba ba ta riƙe numfashi ba, jikarta ta je makaranta, kuma ba wanda zai tare ta a hanya ya ce ta biya kafin ta wuce. Kusan abin da Shehu ya roƙa ke nan a Magami, sama da shekara 230 da suka wuce, ga shi muna sake roƙonsa.

Ba mu manta da alherin sojojinmu da 'yan sanda ba. Wasu sun bar iyalansu, sun ba da rayukansu a dajin nan, Allah ya jiƙansu. Matsalar ita ce in sun zo, daji ya yi tsit. Ranar da motocinsu suka juya, kafin ƙurar ta kwanta baburan sun dawo, kuma wanda aka gani yana gaisawa da soja shi ne farkon wanda za a nema. Saboda haka muke cewa na dindindin.

Akwai sauran buƙatu, mun rubuta su a takardar da za mu miƙa maka: gyaran hanyoyinmu, layin waya mai ƙarfi don a iya kiran agaji, da malamai a makarantun ƙauye. Kowanne na da muhimmanci, sai dai malami ba zai zauna inda ba ya iya barci ba, ɗan kwangila ma ba zai kawo motarsa ba. In abu ɗaya kaɗai jakarka za ta ɗauka zuwa Abuja, ranka ya daɗe, don girman Allah ka ɗauki zancen sansanin nan, ka kai shi gaban Shugaban Ƙasa da bakinka. Filin da za a gina shi, iyayen ƙasa sun ce a zaɓi inda ake so, za su bayar. Matasanmu sun san kowace hanya ta dajin nan har iyakar Nijar, a shirye suke su nuna.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya kai da tawagarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin al'ummar Gudu